“Ina ruwanmu da guguwar teku?”

A ƙarshen watan Oktoban 2025, muna zaune a teburin mai shayin unguwarmu bayan sallar isha'i, wani yaro ya miƙo wayarsa ya ce mu ga abin da ke faruwa a Jamaika. Ɗan gajeren bidiyo ne. Iska na ɗaye rufin kwano kamar ana ɓare ayaba, itatuwan kwakwa sun rusuna har ƙasa, ruwa ya shanye titi ba ka ganin komai sai kawunan motoci. Mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Melissa ke nan, wadda ta afka wa tsibirin ranar 28 ga watan, da iska mai gudun kusan kilomita 295 a awa guda.

Wayar ta zaga hannu-hannu. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya mayar da ita ya ce, “To ina ruwanmu? Mu da ko tekun ba mu taɓa gani ba.” Na kusa da shi ya ce ai masu kuɗi ne, kafin wata guda sun gyara kayansu. A zatonsa Jamaika wata jiha ce a Amurka. Na uku kuwa ya kurɓi shayinsa ya ce azaba ce, saɓon Allah ne ya yi musu yawa.

Ban tanka ba, don ba a ja-in-ja da dattijo a gaban yara. Amma maganganun sun tsaya mini a wuya, musamman na ƙarshen. Shekara guda kafin nan ruwa ya ci Maiduguri, kuma a wannan teburin ban ji wanda ya kira shi azaba ba. Jarrabawa muka ce, muka yi karo-karo.

Bari in faɗi matsayina tun ba a yi nisa ba. Iska da ruwa na Allah ne, babu mai ja. Amma wanda zai mutu in sun zo, da wanda zai rasa gidansa har abada, galibi mutane ne suka riga suka ware shi, shekaru kafin hadarin ya haɗu. Yadda ake tafiya yanzu, teku na hawowa kan kowa, ana gina wa mai hali katanga, ana aika wa talaka katafila. Wannan zalunci ne. Sannan akwai garuruwan bakin teku da ba za su tsira ba ko me aka yi, kuma gara a gaya wa mutanensu gaskiya, a sauya musu mazauni da mutuncinsu tun ruwan bai kai musu gwiwa ba.

“Ai tun tale-tale ana guguwa”

Haka ne. A 1780 wata guguwa ta kashe sama da mutum dubu 20 a tsibiran Karibiyan. A 1900 wata ta share garin Galveston na jihar Texas, ta kashe aƙalla mutum dubu shida, lokacin da ko mota ɗaya babu a Kano. Su kansu masana yanayi ba su ce adadin guguwar zai ƙaru ba. Abin da suke faɗa shi ne halinta ke sauyawa.

Guguwar teku da ɗumin ruwa take rayuwa, kamar yadda wuta ke rayuwa da itace. Sai saman teku ya kai ɗumin digiri 26 zuwa 27 take iya haɗuwa. Tururi ya tashi ya zama gajimare, gajimare ya saki zafi, zafin ya ƙara zuƙo iska daga ƙasa, abu ya yi ta juyawa yana girma. To kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙin fetur da kwal da gas ya tara a duniya, teku ne ya shanye shi. An ƙara wa murhu itace ke nan.

Abu na farko da hakan ya haifar shi ne sauri. A Oktoban 2023, mutanen Acapulco a Meksiko sun wayi gari ana gaya musu iska ce matsakaiciya ke tafe. Kafin tsakar dare guguwar, mai suna Otis, ta kai mataki na biyar, wanda babu na sama da shi. Cikin wannan ɗan lokacin, yaushe za a kwashe marasa lafiya daga asibiti, yaushe masunci zai ja kwale-kwalensa tudu?

Sai yawan ruwan. Duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumi, iska na iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi bakwai cikin 100, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. A 2017 Harvey ta tsaya cak a kan Texas, ta zubar da sama da milimita 1,500 a wani yanki cikin 'yan kwanaki. Ya fi abin da Kano ke samu tun daga ruwan shuka har kaka.

Na ukun shi ne wanda mutane suka fi rainawa. Teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun daga 1900, wato taƙi guda. In ka faɗi haka a majalisa sai a yi dariya. Amma ka dubi yarinyar da aka aika ɗibar ruwa: in bokitin rabi ne, har gudu take yi da shi. In ya cika maƙil, tuntuɓe kaɗan ya isa ya jiƙa ta. Guguwar da a zamanin kakanni za ta tsaya a bakin rairayi, yau a kan cikakken bokiti take sauka.

Ruwanmu kuwa yana ciki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san daga gabas hadari ke haɗowa. Da la'asar sakaliya gari ya yi baƙi ƙirin, iska mai ƙura ta riga ruwan isowa, mata su ruga kwashe shanya, a kora kaji akurki. Bayan awa guda an ɗauke, hadarin ya yi yamma. Ba mu taɓa tambayar ina ya nufa ba.

Ga inda yake nufa. A lokacin damina, duk kwana uku zuwa biyar wata igiyar iska na ratsa samaniyar Sahel daga wajajen Sudan da Chadi, ta bi ta kan Nijar da arewacin Najeriya da Mali, tana tafe da irin wannan hadarin, har ta faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da tsibiran Cape Verde. Mafi yawansu can suke mutuwa. Wasu kuwa su tarar da ruwa mai ɗumi, su fara juyawa. Galibin manyan guguwowin da ke dukan Karibiyan da Amurka daga nan asalinsu yake. Beryl, wadda ta ragargaza tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada a farkon Yulin 2024, haka ta faro. Kada wani ya ce na ɗora mana laifi, iska ba ta da fasfo. Hasali ma ƙurar Sahara, in ta bi su cikin teku, takan shaƙe su tun suna ƙanana. Na dai kawo wannan ne don dattijonmu ya san bidiyon da ya ture, wataƙila ya taɓa kwashe tabarmarsa saboda irin kakan wannan hadarin.

Gaskiya ne irin wannan guguwar ba ta dukan Legas ko Kwatano ko Akra. Sun yi kusa da tsakiyar duniya, inda ba ta iya juyawa, kuma hanyarta yamma take yi, nesa da mu. Amma hawan teku da zaizayar gaɓa da ruwan sama mai sauka lokaci guda, waɗannan ba su tsallake su ba. Kuma wa ke zaune a can? Je ka Agege, Mile 12, Obalende da Idi-Araba, ko Nima a Akra, ko zangon Kwatano, ka ji yaren da ake ciniki da shi. Riɗi da zoɓo da cittar da ke barin Dawanau ta tashar Apapa suke fita. Kayan Nijar sun daɗe suna shigowa ta Kwatano da Lome.

Ina da ƙane mai shagon kayan masarufi a wata unguwa mai kwari a Legas. Shekarun baya da na je, na tarar ya ɗaga dokin ƙofar shagon da layi biyu na bulo, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka, sannan ka gangara ciki kamar mai shiga rijiya. Buhunan shinkafa da sukari suna kan katako, katakon yana kan tayoyin mota. A jikin bango akwai layin datti da ya kai ƙugu, ya nuna mini ya ce, “Yaya, na bara ke nan.” Kwatocin unguwar a toshe suke, wannan laifin mutane ne. An cike fadamun da ruwa ke kwanciya an yi gine-gine, shi ma haka. Amma ya gaya mini abin da ban sani ba: in ruwan sama ya dace da cikar teku, kwatar baya take dawowa da ruwan, don ba shi da inda zai zuba.

Wanda ke tudu ma kada ya saki jiki. A Satumbar 2024 Helene ta kashe sama da mutum 200 a Amurka, da yawansu a duwatsun North Carolina, ɗaruruwan kilomitoci daga inda ta sauka a bakin teku. A Satumbar 2023 guguwar Daniel ta cika wasu tsofaffin madatsun ruwa biyu a saman garin Derna na Libiya, suka ɓalle cikin dare, dubban mutane suka tafi cikin teku da gidajensu. Tsohuwar madatsa, ruwan da ya fi ƙarfinta, mutane na barci a ƙasanta. Wanda ya kwana a Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an fassara masa wannan ba.

“Ƙaddara ce”

A nan nake son in ɗan zauna, don ita ce maganar da muka fi fakewa da ita.

Da farko batun azaba. Mutanen Derna Musulmi ne. Mutanen tsibirin Mayotte na tekun Indiya, da guguwar Chido ta yi wa kaca-kaca a Disambar 2024, mafi yawansu Musulmi ne. Guguwa mafi kisa da aka taɓa rubutawa a tarihi kuwa a kan Musulmi ta sauka: a Nuwamban 1970, a ƙasar da yau ake kira Bangaladash, ta kashe aƙalla mutum dubu 300. Wanda ya ce musibar wasu azaba ce, tamu kuma jarrabawa, ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Sannan a dubi abin da ya biyo baya a Bangaladash ɗin. A 1991 wata guguwar ta sake kashe kimanin dubu 138. A Nuwamban 2007 Sidr ta zo da ƙarfinta, ta kashe mutum dubu uku da wani abu. Rai ɗaya ma asara ce, amma daga dubu 300 zuwa dubu uku akwai abin tambaya. Tekun bai huce ba, ƙasar ba ta tashi daga kwari ta koma tudu ba, mutanen ma ƙaruwa suka yi.

Abin da suka yi ba wani sihiri ba ne. Sun gina dubban mafaka na kankare a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantun firamare ne, don haka kowane yaro ya san hanya. Sun kafa rundunar 'yan sa-kai tun farkon shekarun 1970, yau sun haura dubu 70, kusan rabinsu mata. In an hango guguwa sai a ɗaga tutoci, su bi ƙauyuka a kan keke da lasifika, gida-gida. Sa mata a ciki ba ado ba ne: an lura mace ba ta yarda ta bi baƙon namiji zuwa ɗakin da ke cike da maza, sai ta zauna a gida ruwa ya ci ta da 'ya'yanta. An kuma lura magidanci ba ya tafiya ya bar saniyarsa, sai aka riƙa tara tudun ƙasa kusa da mafakar don dabbobi. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wanda ya yi wannan tunanin ya san mutane.

Wata shida bayan Sidr, a Mayun 2008, Nargis ta faɗa wa maƙwabciyarsu Myanmar. Babu mafaka, gargaɗi bai isa ƙauyuka ba, gwamnatin soja ta yi ta jan ƙafa wajen barin agaji ya shigo. Kimanin mutum dubu 138 suka mutu ko suka ɓace. Teku ɗaya ne, talaucin ma kusan ɗaya.

Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudu yake daga ƙaddarar Allah. Ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mun haddace wannan tun muna makarantar allo da ta dare, muna kawo shi a wa'azi, amma da an zo maganar yashe kwata ko gyaran madatsa sai mu manta. Shugaban da aka ba shi kuɗin gyara ya cinye, in ya tsaya gaban gawarwaki ya ce ƙaddara ce, gaskiya ya faɗa, amma don ya rufe bakinmu ya faɗe ta.

“To a gina katanga mana”

Ana ginawa, kuma tana aiki. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe sama da mutum 1,800, Holan ta shafe shekaru tana killace gaɓarta. Bayan Katrina ta fasa shingayen New Orleans a Agustan 2005, ruwa ya mamaye kashi 80 cikin 100 na birnin, sama da mutum 1,300 suka mutu, Amurka ta kashe kimanin dala biliyan 14 ta sake gina shingaye da ƙofofin ruwa da injinan zuƙa. Ranar 29 ga Agustan 2021, shekara 16 cif bayan Katrina, Ida ta zo, shingayen suka riƙe.

Sai dai kowace katanga tana da ciki da waje. Ƙananan garuruwan da ke wajen ta New Orleans sun sha ruwa a ranar. Ko a Katrina ɗin, a tuna su wa suka maƙale: dubban mutanen da ba su da mota, galibinsu baƙar fata, tsofaffi da marasa lafiya. Guguwar ta zo ranar 29 ga wata, lokacin da aljihun mai jiran albashi ya bushe. An ce kowa ya fita, ba a ce da me ba.

Ba sai mun je Amurka ba. A Legas, inda Bar Beach take a da, an zuƙo rairayi daga teku an yi sabon birni, Eko Atlantic, an kare shi da katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci. Ban ƙi ba, ta kuma kare Victoria Island daga cin da teku ke yi mata. Amma a wannan birnin dai, tsakanin ƙarshen 2016 da 2017, aka rushe Otodo Gbame, unguwar masunta a gefen Lekki, duk da umarnin kotu. Amnesty International ta ce sama da mutum dubu 30 aka raba da muhallinsu a can da Ilubirin. Wasu a cikin kwale-kwale suka riƙa kwana da 'ya'yansu. Dalilan da akan bayar su ne tsaro da tsafta da haɗarin ambaliya. Abin mamaki, da zarar talaka ya tashi sai filin ya daina zama mai haɗari, ya zama na sayarwa.

Wani gyaran ma ɓarna ce. A 2003, don a ceci birnin Saint-Louis na Senegal daga ambaliyar kogi, hukuma ta yanka 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a zirin rairayin da ya raba kogin da teku. Teku ya samu ƙofa. Yau yankan ya kai kilomitoci, ya haɗiye ƙauyen Doun Baba Dièye, kuma masunta da dama sun halaka wajen ratsa shi.

“Su tashi kawai, dole ne sai bakin teku?”

Mai faɗin haka bai taɓa barin gidan da aka binne cibiyarsa ba. Masunci in ka kai shi tudu ka ba shi ɗaki mai kyau, ka ba shi yunwa. Komarsa da tarunsa ba su da amfani a can, kabarin mahaifinsa kuma yana can ruwa na lasa.

Duk da haka, a nan na saɓa da masu cewa kada a tayar da kowa. Akwai inda ƙasar kanta ke tafiya. Tsibirin Isle de Jean Charles a jihar Louisiana ta Amurka ya rasa kusan kashi 98 cikin 100 na ƙasarsa tun daga 1955. Ayetoro a jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, teku ya cinye masa tituna da gidaje da makarantu, mutane na ta ja da gidajensu baya. Ka ce wa irin waɗannan su daure su sake gini a wuri guda, bayan kowace ambaliya a kawo musu katifa da buhun shinkafa a ɗauki hoto, yaudara ce. Ihu bayan hari ne da ake maimaitawa duk shekara.

Yadda ake tayarwar shi ne magana. Mu a nan mun san iri biyu. Da aka gina madatsar Kainji a shekarun 1960, an sauya wa sama da mutum dubu 40 mazauni, tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa. Mun kuma san Bakolori, inda manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyyarsu, a Afrilun 1980 aka amsa musu da harsashi. Duk wanda za a ce masa ya tashi don amfanin kansa, yana da dalilin ya tambaya wanne daga ciki ake nufi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wani ƙauye a Fiji, Vunidogoloa. Mutanen da kansu suka nemi a tayar da su. Suka zaɓi wuri a cikin ƙasarsu ta gado, kimanin kilomita biyu daga gaɓa, suka ba da katako daga dajinsu, gwamnati ta kawo sauran, aka haƙa musu tafkunan kifi. A 2014 suka koma gaba ɗaya, maƙwabci na nan kusa da maƙwabcinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, su sun fafe tasu da sauran lokaci.

Kishiyarsa Barbuda, wani tsibiri a Karibiyan. A Satumbar 2017 Irma ta rushe kusan duk gine-ginen tsibirin, aka kwashe mutanensa kaf, kimanin 1,800, zuwa Antigua. A lokacin, ƙasar Barbuda ta kowa da kowa ce bisa al'ada da doka, ba a sayar da ita. Mutane na gudun hijira gwamnati ta taso da batun sauya wannan dokar, masu otal-otal na jira a bakin ƙofa. Shi ya sa nake cewa duk yarjejeniyar tashi sai ta ƙunshi takardar mallakar sabon wuri a hannun mai gida, da sharaɗin cewa tsohon wurin ba za a sayar wa kowa ba. In ya yi wa masunci haɗari, ya yi wa mai otal.

Wa zai biya?

Tayar da mutane da mutunci akwai tsada. A 2016 gwamnatin Amurka ta ware dala miliyan 48 don sauya wa mutanen Isle de Jean Charles mazauni, iyalan da ba su kai ɗari ba, kuma sai 2022 suka fara tarewa. A auna wannan da miliyoyin da ke zaune a bakin tekun Bangaladash ko Neja Delta.

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi huɗu cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Ƙananan tsibirai kuwa nasu bai taka kara ya karya ba. Amma da Maria ta bi ta kan Dominica a 2017, a dare ɗaya ta yi ɓarnar da ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara sau biyu da ɗoriya. Ƙasa irin wannan sai ta ci bashi ta sake gini, kafin ta gama biya wata guguwar ta zo, ta sake cin wani, kuma a wajen waɗanda hayaƙinsu ya jawo abin take ciwowa, da kuɗin ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Firaministar Barbados, Mia Mottley, ta daɗe tana wannan ƙorafin a gaban manyan duniya, kuma an fara ganin sauyi: bayan Beryl, Grenada ta yi amfani da wani sharaɗi a yarjejeniyar bashinta da ya ba ta damar dakatar da biya in guguwa ta yi ɓarna.

A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar, a 2022, an amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna. A Dubai, a 2023, alƙawuran farko suka kama kimanin dala miliyan 700. Helene kaɗai ta yi wa Amurka ɓarnar sama da dala biliyan 70, ninki ɗari ke nan. A 2025 kuma Amurkar ta janye daga hukumar asusun, ta kuma sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris.

Na san abin da za a ce: ko an ba da kuɗin, aljihun wasu zai shiga. Ba ni da bakin musu. Najeriya na da asusun kula da muhalli tun 1981. An ba da kwangilar kare gaɓar Ayetoro fiye da sau ɗaya tun daga 2004, teku bai fasa ci ba. Mu ne ke ƙona gas a Neja Delta dare da rana, mu ne ke sare itatuwan fadamar bakin teku masu karya ƙarfin igiyar ruwa, mu ne ke kwasar yashin gaɓa a tifa muna sayarwa. Amma ɓarawon gida ba ya wanke bashin na waje. In ka kaɗe akuyar mutum da mota, ba ka cewa ba za ka biya ba don ɗansa almubazzari ne. Ka biya, a kuma sa ido a kan ɗan. Kuɗin ya tafi kai tsaye ga garuruwan da abin ya shafa, a liƙa lissafinsa a ƙofar fada da masallaci da coci, kowa ya karanta.

Makon jiya na kira ƙanen nawa na Legas. Na ce ya nemi shago a kan tudu tun damina ba ta kankama ba. Ya ce ya duba, kuɗin haya a can ya ninka nasa sau uku, kuma masu gidajen da kansu suke gaya maka dalili: nan ruwa ba ya shiga. Na ce to yanzu me zai yi. Ya ce ya riga ya yi magana da birkila, za a ƙara layi na uku, sai dai tsofaffin mata masu sayen gishiri da magi sun fara cewa ƙafarsu ba ta iya tsallakawa, don haka zai sa musu benci a waje ya riƙa miƙo musu ta taga.